Allurar da Aka Yi wa 'Yata ta Cikin Waya

A shekarar da aka yi faɗan nan tsakanin mutanen Fagge da na Sabon Gari ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina goyon 'yata. Muna zaune a Fagge a wani gidan haya, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna. Maigidana a tashar jirgin ƙasa yake aiki, wajen awon kaya. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin Sabon Gari ba wata tafiya ba ce. Nakan ɗora wake a wuta in je kasuwa in sayo manja in dawo bai gama nuna ba.

Yarinyar ba ita ce haihuwata ta fari ba. Na fari namiji ne, ya koma yana wata takwas. Da tari ya fara, sai zazzaɓi, sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar, haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki. An yi jiƙo, an yi turare, an sha rubutu, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Saboda haka ranar da na ji 'yata ta yi irin wannan tarin, na kuma ɗaga rigarta na ga yadda ƙirjinta ke yi, ban tsaya neman shawarar kowa ba. Na goya ta na nufi Sabon Gari.

Akwai wani ɗan ƙaramin asibiti a wani layi bayan kasuwa, ɗaki biyu da baranda. Likita yakan leƙo sau biyu a mako, amma mai riƙe da wurin wata nas ce 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, doguwa, mai wushirya. Kowa Sista yake ce mata. Tun tana ƙarama iyayenta suka zo da ita Kano, ga Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ba ta da sakin fuska sosai, kuma akwai ta da faɗa, amma matan unguwarmu sun yarda hannunta yana da kyau.

Ta ɗora abin sauraro a bayan yarinyar, ta daɗe tana ji, sannan ta dube ni.

“Ciwon haƙarƙari ne. Allura biyar za a yi mata, kullum ɗaya. Biyar na ce, ba uku ba. Na san halinku, da kun ga yaro ya fara dariya sai ku ɓace. In kika tsallake, ciwon zai dawo da ƙarfinsa, kar ki zo min nan kina kuka.”

Ta rubuta a wani ɗan kati ta ba ni. Aka yi ta farko ran Alhamis, ta biyu ran Juma'a, ta uku ran Asabar da safe. A ranar Asabar ɗin yarinyar har ta kama nono da kyau, jikinta ya yi sanyi. Na dawo gida ina murna.

Da la'asar ɗin wannan rana gari ya rikice. An daɗe ana maganar wasu 'yan siyasar Kudu za su zo taro, wasu kuma sun rantse ba za a yi ba. Ni a lokacin ban san kan zancen ba, kuma ban zaci abin zai zo ƙofar gidanmu ba. Sai dai muka ji ihu daga wajen titi, muka ji gudun mutane, can kuma hayaƙi ya tashi. Maigidana yana wurin aiki, bai dawo ba. Washegari wani abokin aikinsa ya aiko cewa lafiyarsa ƙalau, yana cikin tasha tare da sauran ma'aikata, an hana su fita.

Lahadi ta fi Asabar muni. Ta ramin ƙyauren zaure na ga maza suna wucewa da adduna da gorori da takubba, waɗansu na san su, waɗansu baƙin fuska ne. Na ga an wuce da wani a kan ƙyauren ɗaki da aka ciro, hannunsa yana reto, jini na ɗiga a ƙasa. Wanzamin unguwarmu ya wuni yana ɗaure raunuka da tsumma. Wata maƙwabciyarmu da ta kai ɗanta babban asibiti ta dawo ta ce har a ƙasa an kwantar da waɗanda aka sara da waɗanda aka soka, babu mai hannun da zai duba yaro mai tari. A ranar ne kuma wata magana ta fara yawo gida-gida, wai ma'aikatan asibiti 'yan Kudu suna yi wa mutanenmu allurar guba. Ba wanda ya ce ya gani da idonsa. Kowa cewa yake an ce.

Haka allurar Lahadi ta wuce ba a yi ba.

Litinin da safe na taɓa yarinyar na ji jikinta kamar garwashi. Ta ƙi nono. Na ɗaga rigarta, na ga haƙarƙarin yana lotsawa yadda na ɗan'uwanta ya yi. Na ɗauko majanyi na fara goya ta.

Inna tana bakin murhu ta ce, “Ina za ki?”

“Wajen Sista zan je, Inna.”

“Kin haukace ne? Ba ki ji abin da ake yi ba? Ki zauna ki bar wa Allah.”

Ban taɓa mayar wa Inna magana ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar na ce, “Inna, Allah da ya saukar da ciwon shi ya saukar da maganin. Maganin yana can. Na zauna na ga ɗaya ya tafi a hannuna, ba zan iya zama in ga na biyu ba.”

Sai ta janye itacen daga wuta, ta yafa mayafinta, ta ɗauki sandarta.

“To muje. Ba a ce na bar matar ɗana ta fita ita kaɗai a rana irin ta yau ba.”

Hanyar da nake bi kullum ce, amma na kasa gane ta. Rumfar wani Ibo mai gyaran keke, inda maigidana ke kai nasa, ta zama toka, sai ƙarafa a lanƙwashe. Shagon wani tela an ɓalle shi, ƙyallaye a watse cikin kwata. A gindin wani bango an rufe wani mutum da tabarma, ƙafafunsa a waje, ƙuda na bi. Ban san ko na wane ɓangare ba ne. Ban taɓa ganin gawa a yashe a titi ba, a garin da ko baƙo ya mutu sai an taru an yi masa sutura. Inna tana ta salati, ta ce min, “Kalli gabanki.”

Da muka iso inda Fagge ta ƙare sai muka tarar an ja waya mai ƙaya, an naɗe ta ɗauri-ɗauri, ta tare hanya daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yan sanda sun jeru da kulake, waɗansu da bindigogi. A ɓangarenmu akwai taron maza can baya kaɗan, suna tsaye suna kallo. A ɗaya ɓangaren ma haka. Na matsa wajen wani babba a cikin 'yan sandan, mai igiya uku, na miƙa masa katin.

“Ranka ya daɗe, allura za a yi wa yarinya. Asibitin yana nan bayan kasuwa.”

Ya dubi katin, ya dubi yarinyar. “Ba shiga, ba fita. Umarnin da aka ba mu ke nan. In na bar ki kika shiga, ban san ko za ki fito da rai ba.”

Inna ta ce, “Ɗan nan, ka duba numfashinta.”

Ya ce, “Na gani, Inna. Ba ku kaɗai ba ne. Ku dubi can.”

Ya nuna wata mota a-kori-kura da ke tsaye a ɗaya gefen wayar. A bayanta akwai mutane a kwance. Wata mata tana wani irin nishi wanda duk macen da ta taɓa haihuwa ta san shi, sai dai nata ya riga ya gaji. Wani mutum, mijinta ne ina ji, yana bin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, ya yi da Turanci ya yi da Hausa. Ɗan sandan ya ce kwana biyu ke nan tana naƙuda, sai an yi mata aiki, babban asibitin kuwa ta ɓangarenmu ake bi a je. Suna jiran a samo masu rakiya, don motar da ta gwada wucewa jiya da duwatsu aka mayar da ita.

Abin ya ɗaure min kai. Ni maganina yana wajensu, su nasu yana wajenmu, ga waya a tsakani. Kuma waɗanda suka jefi motar marasa lafiya mutanenmu ne.

Ina cikin kallon motar sai na ga wata doguwar mace ta sauko daga bayanta tana goge hannu. Farar rigarta duk ta ɓaci da jini. Ban san lokacin da na ƙwala kira ba.

“Sista! Sista!”

Ta waiwayo, ta kare rana da hannu, ta tako har bakin waya. Idanunta sun yi ja, da gani ba ta runtsa ba. Abin da ta fara ce min shi ne, “Jiya ba ki zo ba.”

Na juya mata baya don ta ga yarinyar. Ta leƙa ta tsakanin ƙayoyin, ta ce in sauke ta in ɗaga rigar. Ta kalli ƙirjin na ɗan lokaci.

“Kar ki motsa daga nan,” in ji ta. Ta juya da sauri ta shige cikin layi.

Ba ta jima ba ta dawo da wani ɗan kwanon ƙarfe mai murfi, wanda take dafa sirinji a ciki, da 'yar kwalbar magani da auduga. Kafin ta iso waya wasu maza na ɓangarensu suka tare ta. Ban ji yarensu ba, amma na ga hannuwa suna nuna ni, na ga wani mai ɗaure da bandeji a ka yana ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito. Ta amsa musu da yarensu, gajeriyar magana. Sannan ta juya ta faɗa da Hausa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

“Wannan 'yar ita ma adda ta ɗauka? Ku ba ni hanya.”

Suka dare. Ta zo ta tsaya gaban mai igiya uku. Ya ce, “Ta cikin waya dai. Kar wanda ya tsallaka.” Shi da kansa ya sa kulkinsa ya ɗaga wani zare na wayar, ya taka na ƙasa da takalminsa, aka sami 'yar kafa. Inna ta cire mayafinta, tsohuwar da ban taɓa ganin ta fita ba lulluɓi ba, ta ninka shi ta shimfiɗa a kan ƙayoyin. Na durƙusa na rungume yarinyar a ƙirjina, na tura ɗuwawunta cikin kafar. Sista ta durƙusa a ɗaya gefen. Ina jin numfashinta. Ta zuƙi maganin, ta goge wurin da auduga, ta soka. Yarinyar ta yi ɗan kuka mara ƙarfi.

A daidai nan na ji wani ya yi ihu a bayana, “Guba ce! Kashe ta za ta yi!” Wani abu ya wuce ta gefen kunnena. Na ji ƙararsa da ya sauka, kamar an fasa ƙwarya.

Dutse ne. A idon hagu ya sami Sista.

Kanta ya yi baya, amma hannunta bai saki sirinjin ba. Wallahi ina kallo. Jini yana zubo mata ta kunci yana ɗiga a cinyar 'yata, ta lalubi kan sirinjin da babban yatsa ta tura maganin har ya ƙare, ta zare allurar, ta danna auduga. Sai a sannan ta zauna a ƙasa daɓas, ta dafe fuska da hannu biyu. Ko ihu ba ta yi ba.

Na waiwaya. Yana tsaye a gaban taron, da wani dutsen a hannunsa. Mai sayar da itace ne na bakin layinmu. Dattijo ne mai furfura a gemu, wanda nake gaisarwa kullum in ce masa Baba, wanda ya ci tuwon sunan wannan yarinyar da ke hannuna. Muka haɗa ido. Ban san fuskar da na yi ba, amma na ga ya saki dutsen.

Wuri ya hargitse. Mutanen can suka yo kan waya suna ihu, na nan suka fara tsintar duwatsu, 'yan sanda suka ɗaga kulake. Mai igiya uku ya daka mana tsawa, “Ku gudu!” Inna ta fizgi hannuna. Na waiga sau ɗaya na ga mata biyu sun kama Sista suna ja, kwanon ƙarfen nan a kife a ƙasa. Mayafin Inna a kan waya muka bar shi. Haka ta ratsa Fagge da ɗankwali kawai, tana haki, tana dogara sanda.

Da muka shiga gida na zauna a tsakar gida da yarinyar a cinya, na kasa ko kuka. Inna ta ɗebo ruwa ta wanke jinin da ke cinyar jikarta. Ta ce, “Kin gan shi?”

Na ce, “Na gan shi.”

“Ni ma na gan shi. Ki rufe bakinki. Ƙaninsa aka kashe ran Asabar a bakin kasuwa, jiya aka kawo gawar. In kika yi magana a garin nan yadda yake yanzu, gidan nan za a zo.”

Abin da ya fi girgiza ni bayan azahar ya faru. Muka ji sallama a zaure. Inna ta leƙa, ta dawo fuskarta a murtuke. Shi ne. Wai ya zo ya ji ko yarinyar tana da rai. Da gaske yake tambaya. Ya yarda a ransa cewa guba aka yi mata, kuma ceton ta ya yi niyya. Inna ta ce masa tana barci, zazzaɓin ya fara sauka. Sannan muka ji takun tafiyarsa.

Ran Talata maigidana ya dawo. Na faɗa masa komai, har da sunan wanda ya yi jifan. Ya riƙe kai ya yi ta maimaita innalillahi. Sannan ya ɗauki yarinyar da katin ya kai wa wani malamin asibiti da ke duba ma'aikatan tasha, shi ya yi mata ta biyar. Game da mai itace kuwa, abin da Inna ta faɗa shi ya faɗa: a bar maganar. Yarinyar ta warke sarai. Kafin sati biyu tana rarrafe tana jan kwanuka.

Da ƙura ta lafa aka kwashe wayar, kasuwa ta ci gaba da ci kamar ba a yi komai ba. Na ɗauki makonni ina jin nauyin zuwa. Daga baya na tara ƙwai a ƙwarya, na goya yarinyar, na tafi. Asibitin a buɗe yake, amma wata ce daban a ciki. Ita ta kwatanta min gidan Sista.

Na same ta a baranda a kan kujera, an rufe idon da auduga da bandeji. Ta rame. Ta karkato da kai don ta gan ni da ɗayan idon.

“Ke ce? Kawo ta nan.”

Na kwance goyon na miƙa mata. Ta ɗaga rigar, ta kara kunne a bayan yarinyar, ta saurara.

“An yi ta biyar ɗin?”

“An yi, Sista.”

“To madalla.”

Na tambaye ta idon. Ta ce ya tafi, likita ya ce ba abin da za a iya yi. Ta ce ba za ta ƙara yin allura ba, don da ido ɗaya ba ta iya auna nisa daidai, jiya ma ta zo zuba shayi ta zuba a tebur. Mijinta yana so su koma garinsu, garin da ba ta sani ba sai a labari. Na tambayi matar nan ta cikin mota. Ta ce sai da yamma aka samu aka wuce da su. Matar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Yarinyar tana wasa da maɓallin rigarta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke kina fuskantar wajena, amma na ji an ce kin waiwaya. Kin ga wanda ya jefe ni?”

Na tuna maganar Inna, na tuna ta maigidana, na tuna gobe ma ta gaban itacen mutumin nan zan wuce in je rijiya.

Na ce, “Ban gani ba, Sista. Mutane sun yi yawa.”

Ta juyo ta kalle ni da idon nan guda, ta daɗe. Na sunkuyar da kai. Ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta miƙo min yarinyar ta ce in riƙa dama mata kunun gyaɗa, ta yi rama da yawa, kuma in daina fita da ita cikin sanyin asuba ba riga.

Bayan wata guda na ji sun hau jirgi sun tafi. Maigidana ne ya auna kayansu a tasha. Mai itace kuwa shekara goma sha wani abu ya ƙara yi a bakin layinmu kafin ya rasu. Ban ƙara sayen itacensa ba, sai in wuce shi in tafi har unguwar Kwaciri in sayo. Amma kullum na zo wucewa sai na rusuna na ce, “Ina kwana, Baba,” shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa.